Wata 14 bayan an cire min fatar ciki: abin da na samu da abin da ya ci min

Ranar da sikeli ya tsaya a kilo 81 ban yi murnar da na ɗauka zan yi ba. Daga kilo 137 na taho. A farkon 2022 aka yi min tiyatar rage tumbi a Alƙahira, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na jakar da abinci ke sauka, a bar ta siririya kamar ayaba. Suga ya sauka, gwiwoyina sun daina ciwo, in na shiga gidan biki sai ka ji ana "Masha Allah, kin koma budurwa." Abin da ke ƙarƙashin abaya ne ba wanda ya gani. Fatar cikina ta zubo har ta rufe saman cinyoyi. Idan zan zauna sai na sa hannu biyu na ɗaga ta na gyara mata zama, kamar mai ɗora yaro a cinya. Damtsen hannuwana kuwa in na ɗaga hannu zan yi wa mai adaidaita magana, sai su ci gaba da lilo bayan hannun ya tsaya.

Ba wanda ya ɓoye min cewa fata za ta saki. An faɗa min a Masar, amma a lokacin hankalina na kan ramewa, maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Daga baya wani likita ya yi min bayanin da ya zauna min. Ya ce abin da ke riƙe fata ya sa ta miƙe ta koma wasu zaruruwa ne, kolajin da ilastin, kuma misalinsu robar wando ce: in ta shekara ashirin a miƙe, ko an cire abin da ya miƙar da ita ba za ta koma ba. Ni kuwa na fi shekara ashirin da ƙiba, ga haihuwa huɗu, ga shekaru sun haura arba'in.

Kafin in yarda da wannan magana na ɓatar da kuɗi ba kaɗan ba. Man kaɗanya ya sa fatar ta yi laushi da sheƙi, iyakarsa ke nan. Garin kolajin da masu talla a Instagram ke rantsuwa a kansa na sha gwangwani uku, ko taku ɗaya fatar ba ta ja ba. Wata gwaggona ta ce a gasa min cikin da ruwan zafi a ɗaure da zani kamar mai jego, na biye mata sati biyu don kada ranta ya ɓaci. Motsa jiki ya yi min amfani, domin ɗaga ƙarfe ya ɗan cike min damtse da cinya, amma fatar ciki ba tsoka ba ce, ba ta san ana yi ba.

Abin da ya yi aiki na gaske a wannan tsakanin shi ne rigar matsi, mai kamawa daga ƙarƙashin ƙirji zuwa gwiwa. Da ita nake iya tafiyar safe ba tare da fatar na dukan cinyata ba, kuma atamfa na zama daidai a jikina. Sai dai duk mai sayenta ta sayi biyu ko uku, don kullum sai an wanke. Ta nemi mai buɗaɗɗen ƙasa, in ba haka ba duk shiga banɗaki sai ta tuɓe gaba ɗaya, ga tsarki ga alwala sau biyar a yini. Kada kuma ta sayi ƙarama da tunanin za ta fi matse ciki. Na yi wannan kuskure. Masu irin tiyatata da ma suna fama da ƙwannafi, rigar da ta matse saman ciki sai ta riƙa turo abinci sama. Cokali huɗu na shinkafa sai in ji shi a maƙogwaro.

Amma rigar ba ta iya da zafin Kano ba. Azumin 2023 ya faɗo a ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a nan ne na san fatar nan ba maganar kwalliya ba ce. Ƙarƙashin ninkin, inda fata ke kwanciya kan fata, iska ba ta shiga, gumi ba ya bushewa. Wurin ya yi ja, ya fara ƙaiƙayi, ya saɓule, sannan ya soma wani wari mai tsami da ko turaren wuta ba ya rufe shi. Na daina zuwa tarawihi a masallacin unguwa saboda tsoron wadda za ta tsaya kusa da ni a sahu. Wani dare na kwanta rigingine a gaban fanka, na ɗaga fatar da hannu biyu don iska ta shiga, 'yata ta turo ƙofa ta ce, "Umma, me kike yi haka?" Na ce ina shan iska. Ta fita, ni kuma na yi kuka na.

Na je kyamis aka ba ni man nan mai haɗi uku da ake ba kowa a kan kowane irin ƙurji. Kwana uku ƙaiƙayi ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke, sati biyu ya dawo ya fi da. Likitar fata da na gani daga baya ta karɓi kwalin ta juya shi ta nuna min: akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, irin wanda ke cikin wasu mayukan bilicin. Yana kashe ƙaiƙayi, amma yana sirantar da fata, kuma a cikin ninki ya fi shiga jiki. Ta ce abin da ke damuna ƙwayar kandida ce, mai son ɗumi da laima. Ta rubuta min kulotirimazol safe da yamma, ta ce ko wurin ya warke in ƙarasa kwanakin da ta ɗiba. Bayan nan in riƙa shafa man zinki, irin wanda ake shafa wa jarirai a wurin kunzugu, in busar da wurin sosai bayan wanka, in kuma saka tsumman auduga mai tsabta a cikin ninkin in riƙa canzawa. Wannan ya fi duk abin da na saya araha, kuma shi ya fi aiki. Sai dai da na yi sakaci kwana biyu abin zai dawo. Ita ce ta fara ce min, "Hajiya, muddin ninkin nan na nan, haka za ki yi ta fama."

Da na yanke shawarar a yi tiyata a cire fatar, mahaifiyata ba ta so ba. Ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da wuƙa. Wannan kuma ai canza halittar Allah ne." Maganar ta tsaya min a rai, na kai ta wurin malaminmu na Islamiyya. Ya ce a rarrabe tsakanin neman ƙarin kyau da kawar da cuta, ya kawo labarin sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ƙara da cewa majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar gyaran jiki idan don kawar da lahani ko cutarwa ce. Na mayar wa Hajiya, ta ce, "To, Allah ya sa a tashi lafiya."

A wani asibitin kuɗi a Abuja aka yi, ban koma Masar ba. Doguwar tafiyar jirgi bayan babbar tiyata na ƙara haɗarin jini ya daskare a ƙafa, sannan wannan aikin ba irin wanda ake yi a sallami mutum a manta da shi ba ne. Likitan ya burge ni tun ganin farko, domin bai yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Ya ce sai an yi aƙalla wata 18 da tiyatar farko, sai nauyina ya tsaya wuri ɗaya wata shida, kuma in tabbata na gama haihuwa, don ciki zai warware aikin. Da aka auna jinina ya yi ƙasa, abin da ya zama ruwan dare ga waɗanda aka rage wa tumbi, sai ya ɗaga aikin wata biyu, ya ɗora ni a kan maganin ƙarin jini da bitamin B12, ya ce in riƙa samun furotin giram 60 zuwa 80 kullum. Da cikin da ba ya ɗaukar fiye da rabin kofi, wannan aiki ne: ƙwai, kifi, nono, wake, awara, har na tsani ganin ƙwai.

Ya shimfiɗa min hanya biyu. Ko a yanke fatar da ta zubo kawai, ko a haɗa da ɗinke tsokar ciki a kuma buɗa wa cibiya sabuwar ƙofa. Haihuwa huɗu ta raba min tsokar gida biyu, don haka na ɗauki ta biyu. Na zaɓi watan Janairu na 2024 da gangan, don in yi zaman rigar matsi cikin sanyi. Kuɗin kuwa, filin da na gada a bayan gari shi ya tafi.

An yi kusan awa huɗu. Da na farfaɗo aka ce fatar da aka cire ta haura kilo huɗu. Robobi biyu ne suka fito daga marata, kowace da 'yar kwalba a ƙarshe tana tara ruwa mai jaja-jaja, kullum sai an auna an rubuta. Washegari nas ta tashe ni tafiya, ina duƙe kamar tsohuwa mai neman allura, haka kuma na yi ta tafiya kusan sati biyu kafin in miƙe. Barci a kishingiɗe, matashi a bayana, matashi a ƙarƙashin gwiwa. Sallah a zaune da nuni. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙurar hunturu: tari ɗaya sai in ji kamar ɗinkin zai tashi, sai na rungume matashi a ciki kafin in yi. Yayata da na sauka a gidanta ta hana yaranta ba ni dariya.

Inda asibitin ya gaza shi ne bayan sallama. An ba ni lambar WhatsApp aka ce kowane lokaci in yi magana, amma saƙo kan kwana biyu ba amsa. Rigar matsi ta biyu da kuɗin wankin ciwo ba sa cikin lissafin da aka ba ni tun farko, sai da aka zo biya na ji su. A sati na huɗu, bayan na koma Kano, marata ta kumbura, in na taɓa gefe ɗaya sai in ga ruwa ya kaɗa zuwa ɗaya gefen. Ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata, siroma suke ce masa, kuma yana cikin matsalolin da aka fi samu bayan wannan aiki. Ba a gaya min yadda zan gane shi ba, kwana biyu na yi ina zaton ɗinkin ciki ne ya ɓalle. Wani likitan tiyata a nan Kano ya zuƙe shi da sirinji sau uku cikin sati biyu kafin ya daina taruwa. Duk wadda za ta yi aikin a wani gari ta samu likita a garinsu tun kafin ta tafi, ta kuma sa a rubuta mata duk abin da kuɗinta ya ƙunsa.

Tabon ya taso daga ƙugu ɗaya zuwa ɗaya, ƙasa-ƙasa inda zani ke rufewa. Ya yi baƙi ƙirin a watannin farko, yanzu ya fara dusashewa, an ce tabo kan ɗauki shekara zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ya kwanta. Wajen hagu ya ɗan yi tudu yana ƙaiƙayi. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai kumburi, kuma ledar silikon da na riƙa mannawa bayan ciwon ya rufe ta taimaka wajen kwantar da shi. A ƙarshen ɗinkin ta dama akwai wata 'yar fata da ta tsaya kamar kunne. Ƙasan cibiya har yau a dushe yake, in na sosa kamar jikin wani nake sosawa. Cibiyar kanta ta fito zagayayya fiye da kima, ba irin tawa ta da ba.

Duk da haka, da za a mayar da ni baya zan sake kwanciya. Azumi ya zagayo ban sayi man zinki ba, na yi tarawihi a sahun gaba, ina sujada ba abin da ke danne min cinya. Wadda ke neman sikeli ya sauka da wannan aikin za ta sha mamaki, domin kilo huɗun nan kumburi ya cinye su wata uku kafin in gan su. Wadda kuma ba ta da mai kula da ita na sati shida, ba ɗaukar bokiti, ba goyo, ba shara, ta dakata tukuna.

Damtse dai na ƙi. Likitan ya zana min inda wuƙar za ta bi, daga hammata har gwiwar hannu, na tuna tudun da ke gefen hagu na ce a bar min kayana. Ba sa yi min ƙurji, lilo kawai suke yi. Telata ta gano dabarar yi min hannun riga mai faɗi daga kafaɗa ya tsuke a wuyan hannu, har ƙawayena biyu da ba su taɓa ƙiba ba sun kai mata atamfa a yi musu irinsa.