Garma ko fanka: yadda ake share dusar ƙanƙara a layin dogo

A tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya, ma'aikatan jirgin ƙasa sun daɗe suna amfani da na'urori iri biyu.

Ta farko garma ce ta ƙarfe mai tsini, kan jirgi ke tura ta da gudu, tana watsa dusa hagu da dama. Ga araha, ga sauri. Amma idan dusar ta daskare ko ta cika kwazazzabo, ba inda za a ture ta. Wani lokaci ma garmar ce ke sauka daga kan layi.

Ta biyu ƙatuwar fanka ce mai wuƙaƙe, tana yankar dusar tana cilla ta nesa. Wani likitan haƙori a birnin Toronto na ƙasar Kanada ne ya fara ƙirƙiro ta a 1869. Tafiyar hawainiya take yi, kula da ita kuma akwai cin kuɗi, shi ya sa sai abu ya ɓaci ake fito da ita.

A ganina fanka ce ta ranar wuya, ko da yake ita ma tana gazawa. A Janairun 1952 jirgin ƙasa mai suna City of San Francisco ya maƙale cikin dusa a waɗannan tsaunuka kwana 3 da mutum 226, fankokin da aka tura suka kafe a hanya, sai da ma'aikata suka ɗauki shebur.