Sharhi kan ɗamarar baya ta Spinomed ga tsofaffin da bayansu ya ranƙwafa

A wajenmu idan tsohuwa ta fara tafiya a duƙe, sai a ce tsufa ne, a nemo mata sanda, zance ya ƙare. Alhali sau da yawa ƙashi ne ya yi rauni, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, har wasu gaɓoɓin ƙashin baya su lotsa ta gaba ba tare da an faɗi ba. Lanƙwasar saman bayan lafiyayyen mutum takan tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 40, idan kuwa ta zarce haka sai doro ya fito, numfashi ya takura, tafiya ta zama da tangaɗi. Domin irin wannan baya ne kamfanin medi na garin Bayreuth a Jamus ya ƙera ɗamarar Spinomed tare da Farfesa Helmut Minne, kuma ita goggona take sawa tun bayan da hoton ƙashi ya nuna abin da ke damunta.

Ƙirarta ba ta da wani rikici. Faffaɗan sandan alminiyam ne mai laushin rufi, yana bin gadon baya tun daga ƙugu har zuwa tsakanin kafaɗu, sai madauri biyu da ke zagaya kafaɗu da wata ɗamara da ake liƙewa a mara. Ana saɓa ta kamar jakar goyo ta 'yan makaranta, kuma nauyinta bai kai rabin kilo ba. Ƙirji a buɗe yake, saboda haka ba ta danne numfashi, wanda wannan babban abu ne ga mai doro, domin huhunsa dama a matse yake.

Abin da ya sa nake ganin ƙirar ta yi ma'ana shi ne ba ta ɗauke wa jiki aikinsa. Ɗamara mai tauri ta roba, wadda ke rufe mutum daga ƙirji zuwa ƙugu, tana da muhimmanci bayan karaya ko tiyata, amma tsofaffi ba su cika jure ta ba, kuma ana fargabar tsokar baya ta yi lalaci idan aka daɗe a cikinta. Spinomed kuwa tunatarwa take yi: da zarar mai sanye da ita ya fara zubewa gaba, sai madaurin ya ja kafaɗunsa, ya miƙe da ƙarfin kansa. A binciken da Pfeifer da Begerow da Minne suka wallafa a 2004, an gwada ta a kan mata 62 masu irin wannan lotsawar ƙashin baya, kuma bayan wata shida ƙarfin tsokar baya ya ƙaru da kashi 73 cikin ɗari, ciwo ya ragu da kashi 38, lanƙwasar kuma ta ragu da kashi 11. Ya kamata mai karatu ya lura cewa adadin matan kaɗan ne, kuma wanda ya taimaka wajen ƙera ɗamarar yana cikin marubutan. Kashi 11 ɗin nan ma ya isa ya nuna cewa bayan da ya shekara ashirin a lanƙwashe ba zai koma na budurwa ba.

Amfaninta duka ya rataya ne a kan gyaran farko. Sandan yakan zo ba a daidaita shi da kowa ba, sai ma'aikacin da ya san aikin ya tsayar da mai ita, ya dafa bayanta da tafin hannu yana bin lanƙwasar, ya cire sandan ya tanƙwara shi kaɗan, ya sake gwadawa, har ya kwanta a jiki ba tare da ya bar rata ko ya soki ƙashi ba. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana da sashen da ke irin wannan aiki. Wanda ya saya ta intanet ya ɗora wa tsohuwa haka nan, ya yi asarar kuɗinsa, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne tunda daga waje ake shigo da ita.

Akwai abubuwan da duk mai ƙera irin wannan kaya ya kamata ya sani game da rayuwar tsofaffinmu. Suna zama a tabarma, suna ruku'u da sujada sau da dama a yini, ga zafin bazara. Sanda mai bin gadon baya ba ya tafiya da sujada, shi ya sa goggo takan kwance ta idan an kira salla, ta mayar bayan ta idar. Ba a kwanciya da ita, kuma ana sa ta ne a kan riga mara kauri ta auduga saboda gumi. Akan fara da ɗan lokaci a ƙara a hankali har a kai awanni kaɗan a yini. Wanda yatsunsa suka sandare da sanyin ƙashi zai buƙaci mai taimaka masa wajen jan madauri.

Na gwada mata wata mai araha ta kasuwa kafin wannan, irin mai roba zalla da ake tallatawa da sunan gyaran tsayuwa. Ta ci mata hammata, ta naɗe sama duk lokacin da ta zauna, ba ta kuma taɓa inda matsalar take ba.

Spinomed ta dace da tsohon da raunin ƙashi ya duƙar da shi gaba, wanda har yanzu yana iya tashi da tafiya, kuma zai haɗa ta da motsa jiki a ɗakin gashin ƙashi na asibiti da maganin ƙarfafa ƙashi. Wanda bayansa ya karkace gefe, ko ƙafarsa take mutuwa, ko fitsari yake kufce masa, likitan ƙashi zai fara gani kafin a yi zancen ɗamara.