Haƙarƙarin ƙarfe a tafin hannuna

Tun da na zo Amurka ban taɓa jin kunya irin ta ranar da likitar ƙashi ta ɗora mini wani ƙarfe a tafin hannu ba. Tsawonsa kamar biro, ba nauyi, da ƙugiya a kowane baki. Ta ce shi za su sa wa 'yata, wadda aka haifa da haƙarƙarin hagu a manne, ƙirji ba ya buɗewa, huhu ya rasa wurin girma. Buɗar bakina sai na ce, "Likita, na manya kuka yanke?" Ta yi shiru, sannan ta ce tun asali don yara aka ƙera shi.

Kun san inda na samo tambayar. Mu da muka saba ganin an datse robar babba an cusa wa jariri, an naɗe da filasta, a ce Allah ya kiyaye.

Sunan ƙarfen VEPTR, da taitaniyam aka yi shi. Likita Robert Campbell da abokin aikinsa Melvin Smith suka faro shi a San Antoniyo ta jihar Tekzas a ƙarshen shekarun 1980, amma sai 2004 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da shi. Ashe nan ma ba a kwance aka samu ba. Kamfani ba ya zuba kuɗi a kayan da masu bukatarsa 'yan tsiraru ne, ga yaro kullum girma yake, awon bana ba zai yi baɗi ba. Shi ya sa a 1990 hukumomin Amurka suka buɗe wata ƙofa ta jin ƙai: in cutar ba ta da yawa, ba sai ka tara dubban majinyata a gwaji ba, ka dai nuna amfanin da ake sa rai ya rinjayi haɗarin. Da farko iyakar masu cutar mutum 4,000 ce a shekara, a 2016 suka kai ta 8,000. A 2007 kuma suka halatta cin riba a irin waɗannan kayan in na yara ne, suka ware tallafi don likita da injiniya su zauna tebur ɗaya.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Kusan duk wata shida sai an sake buɗe bayan yarinyar an ƙara wa ƙarfen tsawo, kuma kafin kowane aiki sai na yi makonni ina kokawa da kamfanin inshora. Na'ura ce ke ɗaukar waya, danna ɗaya, danna biyu, ga kiɗa a kunne har shayinka ya huce. Sau biyu suna cewa takarda ba ta iso ba. A ɗakin jinya kuwa tsit, daga ni sai uwarta sai ƙarar injin. Ba mai leƙowa ya ce ya jiki. Daren farko har hawaye na yi, don a gida da sai an roƙi 'yan dubiya su rage.

Amma dubiya ba ta buɗe ƙirji. Injiniyoyi nawa muke yayewa, sun taɓa taka ɗakin yara a asibiti? Na'urori nawa aka ba mu kyauta suna ruɓewa a kwali don an rasa ɗan ƙaramin abin gyara? Ko ƙidayar yaran ba mu yi ba, wasu iyayen ma ɓoye su suke yi a ƙuryar ɗaki.

Aiki na huɗu saura wata biyu, na riga na fara buga wa inshora waya. Jiya 'yar ta hau matakala goma sha biyu ba ta tsaya shan iska ba. Ni na ƙirga.