Hattara da masu tallan intakom na hannu a Facebook

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai shirin sa intakom a ofis, makaranta ko asibiti, don Allah ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Watan jiya muka so haɗa ofisoshin makarantarmu da waya. Na ci karo da talla: akwatin intakom Panasonic KX-TES824 na hannu, wai mai ɗaukar waya 24, haɗe da kawunan waya 12. Mutumin baki kamar zuma, "ranka ya daɗe" ba ta barin bakinsa, ya ce daga wani ofis da ya tashi aka kwance shi yana aiki lafiya lau. Na tura kuɗi, ya sa kaya a mota.

Da injiniyanmu ya cire murfin akwatin sai ya kira ni: "Malam, zo ka gani." Ramukan waya 8 ne kacal. Ashe haka na'urar take fitowa, layin waje 3 da na ciki 8. Lambar 824 iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, wato layin waje 8 da na ciki 24, idan an ƙara mata kati, kuma gurbin katin wayam, sai ƙura.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kawunan. Dukkansu KX-T7630 ne, na dijital, irin na manyan akwatuna KX-TDA. Fulogin yana shiga ramin daidai, shi ya sa mai saye ba zai yi zargin komai ba, amma ba sa aiki da wannan akwatin ko kaɗan. Shi akwatin, kan waya KX-T7730 yake so, wanda ake jona wa a rami na 01 da waya mai sili huɗu, da shi ake saita komai. Ko ɗaya mai tallan bai sako mana ba. Na kira shi sau biyu, a na uku ya toshe lambata. Bayan kwana kaɗan na sake ganin hoton nan dai a wani shafi da wani suna.

In za ku saya, ku sa a yi muku bidiyo kai tsaye: a buɗe murfi ku ƙirga ramuka da idonku, a juya kan waya ku karanta lambar da ke ƙasansa, sannan a jona kawuna biyu a rami na 01 da na 02, a buga 102 (lambar na biyun) daga 101 (na farkon) ku ji ta yi ƙara. In ya fara ce muku babu wuta ko kayan suna sito, ku riƙe kuɗinku.

Kawunanmu 12 suna nan a kwali. Duk wanda ya ga wannan tallar ya taimaka ya kai ƙarar shafin.