Hambug ko Rotadam, wanne ya fi a shiga jirgin yawon tashar ruwa?

Salam Alhaji, barka da ƙoƙari. Ka ce za ka shigo Jamus harkar motoci kuma za ka leƙa Holan wajen yaronka, kana so ka shiga irin jirgin nan da ke zagayawa da mutane cikin tashar jiragen ruwa ka ga yadda ake lodin kaya da idonka, amma ɗaya kawai lokaci zai ba ka, shin Hambug ko Rotadam. Toh ni dai duka biyun na shiga, kuma in awa ɗaya ko biyu gare ka, Hambug zan ce maka ba tare da wani dogon tunani ba. Bari in faɗa maka dalili.

A takarda Rotadam ce babba, nesa ba kusa ba. Ita ce tasha mafi girma a duk Turai, kuma daga 1962 har 2004 ita ce ta ɗaya a duniya kafin na Asiya su wuce ta. A 2023 kwantena sama da miliyan 13, a lissafin mai ƙafa 20, suka bi ta can, Hambug kuwa ba ta kai miliyan 8 ba. Shi ya sa kowa yake ɗauka can ya kamata a je. Sai dai girman nan shi ne matsalar mai yawon awa ɗaya, domin tashar ta miƙe sama da kilomita 40 daga cikin gari har bakin teku, kusan kamar daga Kano zuwa Wudil, kuma manyan jiragen nan masu tsawon mita 400 da ke ɗaukar kwantena mai ƙafa 20 sama da dubu 20 can ƙarshe suke tsayawa, a Maasvlakte, wurin da aka cike teku da yashi aka mai da shi ƙasa, sabon ɓangarensa a 2013 aka buɗe shi. Jirgin Spido da yawancin baƙi ke shiga yana tashi ne daga gindin gadar Erasmus, zagayen minti 75 ne, ba ya kaiwa can. Za ka ga gadar, ka ga hasumiyar Euromast, ka ga tsohon jirgin fasinja SS Rotterdam na 1959 da aka mayar otal, a shiga da ku Waalhaven da Eemhaven ka ga kwantenoni da wuraren gyaran jirgi, ba laifi wallahi, jirgin babba ne mai tsabta, akwai wurin zama a ciki bayan gilashi, akwai shayi, kuma ana bayani har da Turanci. Amma za ka sauko kana jin kamar bakin ƙofa kawai aka tsaya da kai.

Hambug daban take. Ita tashar tana kan kogin Elbe ne, kusan kilomita 100 daga teku, jiragen ne ke biyo kogin su shigo har cikin gari, saboda haka tun kana tsaye a Landungsbrücken inda ake sayar da tikiti kana hango wurin ƙera jirage na Blohm+Voss a tsallake, kamfanin da ke nan tun 1877, sau da yawa da wani ƙaton jirgi an ɗaga shi daga ruwa ana ta walda a jikinsa. Kuma shawarata kar ka shiga babban jirgi, ka nemi ƙaramin da suke kira Barkasse, irin wanda a da yake kai ma'aikata bakin aiki. Shi wannan yana matsawa da ku har jikin jirgin kwantena a wajen Burchardkai ko Tollerort, sai ka ga bangon ƙarfe ya tare maka sama gaba ɗaya, ga tsatsa, ga lambobin awon zurfi da aka rubuta da farin fenti a jikinsa, ka ɗaga kai har hularka na neman faɗuwa kafin ka ga ƙarshensa, can sama kuma kiren, wato injin ɗaga kaya, ya cafko kwantena yana tafiya da ita ya dire, ƙarar direwar har cikin ƙirjinka kake jin ta. In jirgin da ke jan manyan jirage ya wuce kusa, igiyar ruwansa za ta jijjiga ku sosai, wani lokaci har feshi ya taɓa na gefe, ga warin dizal. Wannan kusancin shi ne abin da ban samu ba a zagayen Rotadam.

Sannan tunda harkarka motoci ce, akwai abin da zai fi taɓa ka. A Hansahafen, wani sashe na tashar, akwai wurin lodin da ake kira O'Swaldkai, nan jiragen Grimaldi masu launin rawaya suke lodin motoci na hannu zuwa Afirka ta Yamma, su Kwatano da Legas, motar da ƙafarta take hawa cikin jirgin ta wata babbar ƙofa a baya. Ba kowane zagaye ne ke bi ta wajen ba, don haka kafin ka biya ka tambayi mai tikitin ko za a shiga Hansahafen, in da hali ka ɗauki na awa biyu maimakon na awa ɗaya. Mutumin da ya shekara yana jiran kaya a Kwatano, ganin inda tafiyar take farawa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma Speicherstadt, tsohuwar unguwar sito-sito ta jan bulo da aka fara ginawa a 1883, inda ake ajiye kofi da shayi da koko da kayan yaji da darduma, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2015. Ƙaramin jirgi kaɗai ke iya ratsa lungunanta, kuma sai ruwa ya yarda, saboda kogin yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana, bambancin ya fi mita 3, in ya janye sosai jirgin zai taɓa laka, in ya cika da yawa ba zai wuce ƙarƙashin gadoji ba. Ka tambayi lokacin ruwan ranar. Rotadam ba ta da irin wannan tsohon gari a bakin ruwa, bama-baman Jamus sun ƙone tsakiyarta a watan Mayu na 1940, shi ya sa yawancin gine-ginen sababbi ne.

Inda Hambug ta gaza shi ne harshe. Yawancin direbobin da Jamusanci suke bayani, suna ta barkwanci mutane na dariya kai ba ka san me aka ce ba, akwai masu Turanci amma ba kowace awa ba, sai ka nema tun da wuri. Kuma in da Hajiya ko ƙananan yara za ka shiga, ko wanda jijjigar ruwa ke sa wa jiri, jirgin Rotadam ya fi natsuwa da kwanciyar hankali.

Yanzu in yaron naka yana da mota kuma za ka iya ba da yini guda cur, toh nan maganar ta juya, ku tafi Maasvlakte kai tsaye, akwai wurin baƙi a can, ka ga motocin ɗaukar kwantena suna yawo babu direba a ciki da manyan jiragen da na ambata. Wannan ya fi ƙarfin abin da zagayen Hambug zai nuna maka, amma yini ne ba awa ba.

In kuma kuɗi ko lokaci ya matse a Hambug, ka shiga jirgin haya mai lamba 62 daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder ka dawo, da tikitin bas da jirgin ƙasa na gari ake shigarsa, babu mai bayani kuma ba ya shiga lungu, amma za ka wuce ta gaban manyan kiren-kiren ɗin. Ko wanne ka zaɓa ka tafi da rigar sanyi mai kauri ko da rani ne, iskar kan ruwa ba irin ta cikin gari ba ce. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.