Hattara da 'yan damfarar aksil ɗin baya na tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfi

Jama'a, duk mai gyaran Mustang ko Chevelle ko Camaro ko Charger na shekarun 1960 zuwa farkon 1970, da ya ƙara wa injin ƙarfi ya haura doki ɗari huɗu ko ɗari biyar, abu na gaba da zai fara nema shi ne aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya yana kai musu ƙarfin inji, da zai iya ɗaukar wannan ƙarfi. 'Yan damfara sun san da haka, shi ya sa suka cika Facebook Marketplace da Craigslist da tallan sunaye uku da kowa ke so: Ford mai inci 9, GM (General Motors) mai ƙusa 12, da Dana 60. Sunan da ke jikin talla ba ya tabbatar da komai. Sifana da awo da ƙirgen haƙora ne kaɗai ke tabbatarwa.

Mu fara da Ford mai inci 9, don a kansa aka fi cutar mutane. Ford ya ƙera shi daga 1957 zuwa 1986. Ba shi da murfi ta baya, ƙwaryar da ke ɗauke da kiraun (babbar giya mai zagaye, wadda faɗinta ne inci 9 ɗin) da finiyon (ƙaramar giyar da ke juya ta) ta gaba ake kwance ta a zare gaba ɗaya. Ƙarfinsa ya zo ne daga boris na uku da ke riƙe da kan finiyon, wanda ke hana shi gocewa daga jikin kiraun idan aka taka mota da ƙarfi. Matsalar ita ce yana da ƙane mai inci 8 wanda suke kama kamar an tsaga kara, musamman a hoto, kuma shi aka sa wa ƙananan Mustang da Falcon masu ƙaramin inji. A wanke shi, a fesa baƙin fenti, a rubuta inci 9, shi ke nan. Gwajin ba wuya. Ka ɗauki soket ka kai kan notuna biyu na can ƙasan ƙwaryar. Idan soket ya shiga tsaf ya zauna a miƙe, mai inci 8 ne. A jikin mai inci 9 tudun ƙwaryar yana tare hanya, dole sai da sifana. Mai kayan da ke nesa, ka ce ya yi maka bidiyon wannan gwajin. Minti ɗaya ne. Wanda ya fara kawo uzuri a kan aikin minti ɗaya, ka san abin da ake ciki.

Ko da na gaske ne, ba a gama ba. Ƙwaryar da ake rububi ita ce mai harafin N a jiki, wadda aka zuba da ƙarfe mai jure duka ba ya tsagewa. Sauran na baƙin ƙarfe ne na yau da kullum, kuma a wajen murafun boris ko mazaunin finiyon suke fashewa idan taya ya kama ƙasa da kyau. Saboda bambancin kuɗi, akwai masu ɗora N da walda su goge su shafe da fenti mai kauri. Ka kankare fentin wurin. Harafin da aka zubo tare da ƙarfe yana da kaushi iri ɗaya da sauran jikin, na walda kuwa za ka ga sawun tsinke da na gurza a gefensa. Kada kuma jijiyoyi biyu da ke gaban ƙwarya su ruɗe ka, don tsohuwar ƙwarya mai tambarin WAR ita ma tana da su, kuma ba mai ƙarfin ba ce.

Sai shaf, wato sandar da ke cikin aksil tana juya taya, mai tsagi-tsagi a bakinta na ciki. Ford ya fitar da masu tsagi 28 da masu tsagi 31, kuma ga mota mai ƙarfi da faɗaɗɗun tayoyi, 31 ne mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. Idan tseren tashi daga tsaye ake nufi, sai a koma 35 na kamfanonin da ke ƙera sababbi. Ba a gane wannan daga waje da tabbas. A kwance notuna huɗu na bayan birki, a zaro shaf ɗaya, a ɗiga alli a tsagi na farko, a ƙirga har a dawo kansa. Tunda yana hannunka, ka ɗaga shi saitin ido ka bi layukan tsagin da kallo. Dole su tafi a miƙe. In sun ɗan karkace kamar igiyar da aka murɗa, shaf ɗin ya riga ya sha wuya, karyewa kawai ta rage. Ka duba tsawonsa kuma: wanda aka yanke aka haɗa da walda don a rage faɗi, ba abin sa wa motar da za ta ɗauki rai ba ne.

A ɓangaren GM kuwa dabarar ta ƙirgen ƙusa ce. Na gaske na ƙananan motoci an yi shi daga 1965 zuwa 1972, kiraun ɗinsa inci 8.875, shaf mai tsagi 30. Ƙusoshi 12 da ake magana su ne masu ɗaure kiraun a ciki. Oldsmobile ya yi wani aksil a ƙarshen shekarun 1960 mai ƙusa 12 a murfi amma 10 a kiraun, kuma kiraun ɗin ƙarami ne. Mai damfara zai ɗauki hoton murfi ya ce ka ƙirga da kanka. Ka ce a buɗe. Akwai kuma mai ƙusa 12 na akori-kura, wanda kaurin finiyonsa inci 1.438 ne, na mota kuwa 1.625, kuma kayan cikinsu ba sa shiga juna. Wanda ya sayi na akori-kura a kuɗin na Chevelle ya biya kuɗin doki an ba shi jaki. Ko na gaskiyar ma ka tuna wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne ke riƙe shaf daga ciki, in shaf ya karye taya na iya ficewa da birkinsa, don haka masu motoci masu ƙarfi sosai suke canza bakin aksil ɗin.

Dana 60 mai kiraun inci 9.75 shi Chrysler ya sa wa motocinsa masu injin Hemi ko 440 da giyar hannu. Na motar ba shi da yawa, na manyan akori-kura masu ƙusa takwas a taya kuwa sun cika ko'ina, kuma su ake yankewa a sayar da sunan na asali. Yankan ba laifi ba ne in an faɗa, kuma an yi shi da sandar saiti a ciki. Wanda aka yi da ido, bututun yana karkacewa, ya riƙa cin boris yana zubar da man giya komai sau nawa ka canza.

Wata cutar da ta fi ɓata mana rai ita ce ta difrenshiyal, wato giyoyin tsakiyar aksil masu raba ƙarfi ga tayoyi biyu. Ana tallan cewa mai kulle tayoyi biyu ne, irin Positraction ko Traction-Lok, a ɗaga aksil a juya ɓangare ɗaya, ɗayan ya bi shi, mai saye ya gamsu. Alhali ƙananan giyoyin ciki aka narke da walda. A kwana mota za ta riƙa jan taya tana tsalle, a kan jiƙaƙƙen titi bayanta ya kwashe, wata rana waldar ta ɓalle ta niƙe kiraun. Ka sa a riƙe ɓangare ɗaya gam, a murɗa ɗayan da dogon ƙarfe: na gaske mai farantan kuloci zai yi tauri sannan ya sulɓe, mai walda ba zai motsa ba. Amma buɗewa a gani da ido ya fi. Kana ciki ka ƙirga haƙoran kiraun ka raba da na finiyon, ka ga ko lissafin giya ya yi daidai da na talla: 37 da 9 shi ne 4.11, 41 da 11 shi ne 3.73, 35 da 10 shi ne 3.50. Ɗan ƙarfe mai lambar giya da ke rataye a ƙusa, kowa na iya cire shi daga wani ya ɗaura.

Akwai kuma waɗanda ba su da ko noti. Hoton wani suke sata, wani lokaci har da tambarin kamfanonin ƙera aksil irin Moser ko Strange ko Currie, su sa rabin kuɗin kasuwa, su ce mutum uku na layi sai ka ba da kafin alƙalami yau. Za su nemi Zelle ko Western Union ko katin kyauta ko PayPal ta hanyar 'yan uwa da abokai, domin duk cikinsu babu kariyar mai saye. Masu odar kaya daga wata ƙasa su suka fi faɗawa, tunda ba za su iya zuwa gani ba. Ka nemi sabon hoto da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar a ajiye kan ƙwaryar, da tef ɗin awo a shimfiɗe daga fuskar da taya ke zama zuwa ɗayar. In ba ka kusa, ka biya bakanike na garin ya je da soket da alli kafin sisinka ya fita.