Manhajar Merlin a bazara: ta fi gane tsuntsu da ido fiye da kunne

Daga Maris zuwa Mayu daji ba ya yin shiru. Tsuntsayen da suka yi rani a fadamun Hadeja da Nguru suna shirin komawa Turai, shamuwa kuma tana isowa daga kudu ta sauka kan tsamiya da kuka, manomi ya ganta ya fara gyaran gona. Ragon maza yana kuka a cikin duhuwa, namijin marai yana sauya gashi ya zama ruwan ɗorawa, ya hau saƙar gida. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa a gwada Merlin Bird ID, manhajar gane tsuntsaye ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, wadda ta fito a 2014.

Kyauta ce, babu talla. Bayan an sauke ta za ta nemi imel, sannan a sauke kundin tsuntsayen yankin da ake. Kundin yana da nauyi, a yi shi inda intanet ke da ƙarfi, domin da zarar ya sauka manhajar tana aiki a daji ko babu sabis.

Hanyar hoto ce ta fi aiki a nan. A ɗauki tsuntsun, a ja hoton har ya cika akwatin da ke kan allo, a tabbatar da wuri da kwanan wata. Cilakowa, balbela, shirwa da hasbiya ba sa ba ta wahala. Inda take tuntuɓe shi ne idan rana na bayan tsuntsu, sai ya fito baƙi ƙirin, launi ya ɓace. A juya wa rana baya kafin a ɗauka. Matan marai kuwa, da mazan da ba su gama sauya gashi ba, kusan kamarsu ɗaya, kada a yarda da amsar farko sai an duba bakin tsuntsun da idonsa.

In babu hoto, tana tambayar wuri, rana, girma, launi har uku, da abin da tsuntsun ke yi. Ma'aunin girman da tsuntsayen ƙasashen waje aka yi shi, amma mai amfani zai iya ɗaukar na farko a matsayin gwara, na uku hankaka, na ƙarshe dinya.

Sashen sauraro, wanda aka ƙara a 2021, shi ne ya fi daɗi, kuma shi ne ya fi rauni a wajenmu. Wayar tana mayar da kuka zane a kan allo, sunan tsuntsu ya haskaka a daidai lokacin da ya buɗe baki. Amma an fi horar da shi da muryoyin tsuntsayen Amurka da Turai, shi ya sa zai iya kama baƙon da ke shirin tafiya ya yi shiru a kan ɗan gida. Wani lokaci ma ya laƙa sunan tsuntsun da ba ya zuwa ƙasar nan, musamman idan ba a kunna abin da ke nuna wa waya wurin da ake ba. A fita bayan sallar Asuba kafin iska ta taso, a nisanci janareta da lasifika, a tsaya cak minti biyu ko uku ba magana. A riƙa goge tsofaffin sautuka, suna cinye wuri a waya.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: manhajar tana da muryoyin da ake kunnawa. Kada a kunna su kusa da sheƙa a wannan lokaci. Namiji yana ji, yana ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya bar abin da yake yi ya zo faɗa da waya.

Babu sunayen Hausa a ciki, kuma ba ta san abin da zuwan shamuwa ke nufi ga mai gona ba. A fita da ita tare da dattijon manomi ko maharbi, a riƙe ƙaramin littafi, a rubuta sunan da ya faɗa kusa da wanda wayar ta bayar.